Rabin Gemu da Ganuwar Kurmaza

Da sunan Wanda Ya yi hanya Ya yi matafiyi, Ya yi baki Ya yi abin da baki ke jawowa. Ni ne Bagudu ɗan Shekarau, wanda a da ake yi wa kirari da Sha-Kallo, yanzu kuwa marasa ta-ido ke kira Hannu-a-Riga. Na keta ƙasa goma sha ɗaya, na sha ruwan kogi tara, an kore ni daga birni shida, biyu daga ciki bisa zalunci. Maroƙa sun ɓata mini suna, wai ni na kashe ganuwa a duniya. Sharri ne. Ganuwa ɗaya na taɓa, ita ma ba duka ba. To, tun da dai sai an faɗa, gara ku ji daga bakina, ko ba komai na fi su iya zance.

A shekarar da na baro Birnin Tsamau da gudu, saboda wani maganin sanƙo da na sayar wa sarkinsu ya fito masa da gashi a hanci, na faɗa Dajin Madubi, inda kowane ganye ke nuna wa mutum fuskarsa. Dajin yini ɗaya ake ketawa. Ni na yi kwana tara, kuma ba ɓata na yi ba. Daga nan na isa wani kogi da ake hayewa a bayan manyan kunkuru, waɗanda ba sa motsawa sai an yi musu ƙaryar da ba su taɓa ji ba. Fatake na nan zaune a gaɓa wata da watanni, ƙaryarsu ta ƙare. Ni kuwa kunkuru uku suka yi faɗa a kaina.

A hayin kogin nan Ƙasar Birane Bakwai take, ƙasar da ba a san bindiga ba, ba a san albarushi ba. Na isa birni na farko, Kurmaza, na tarar ana yaƙi. Sai da aka gaya mini na gane yaƙi ne, don na ɗauka kasuwa ce.

Ga yadda abin yake. Ganuwar Kurmaza jakai huɗu kan jera a kanta ba su gogi juna ba, haka ta sauran biranen. Shekara ɗari uku ba wanda ya taɓa cin garin wani. Da an gama girbi, birnin da ke jin haushi sai ya fito da mayaƙansa su kewaye birnin da ya ɓata masa rai. A rufe ƙofofi. Na waje su kafa rumfuna, na ciki su hau ganuwa, a yi ta zage-zage da habaici daga hantsi zuwa azahar. Wanda ya yi zagin da ya fi ba da dariya, har abokan gaba sukan tafa masa. Ranar da ruwan shuka ya sauka kowa ya naɗe tabarmarsa ya nufi gona, kowane ɓangare yana cewa shi ya yi nasara. A yaƙin bara, aka ce mini, mutum uku suka mutu: ɗaya maciji, ɗaya ƙwarewa da dambu, ɗaya kuma dariya ce ta faɗo da shi daga ganuwa.

Bana mutanen Dagwalo ne suka kewaye Kurmaza. Ina tsaye a gindin ganuwa da yunwa, ina gyara naɗin rawanina, sai ga kwando ya sauko da igiya, akushin tuwo a ciki. Wani mayaƙin Dagwalo, dogo mai sanyin hali, ya zo ya durƙusa, ya ɗauki akushin yana kallon ƙasa, ya yi godiya da murya ƙasa-ƙasa. Sunansa Nomau. Mai sauko da tuwon kuwa, surukarsa ce, yana auren 'yarta a Dagwalo, kullum ita ke ciyar da shi har yaƙi ya ƙare. Shekara goma sha biyu yana cin tuwonta, kunya ba ta taɓa barinsa ya ɗaga kai ya ga fuskarta ba.

Ni ba ni da wannan ciwon. Na ɗaga kai na ga wata tsohuwa mai hannuwa ruwan ɗorawa har gwiwar hannu. Ta tambaye ni ko ni na Dagwalo ne, na ce ni na Allah ne da kuma duk wanda ya ba ni tuwo. Ta yi dariya ta ce in shiga kwandon.

Gwaggo Tasalla ke nan, uwar marinan Kurmaza, don a ƙasar mata ke rini. Tun ina lilo a tsakiyar ganuwa ta gaya mini al'adarsu: wanda ka jawo da igiya baƙonka ne, cinsa da shansa da laifinsa duk a wuyanka, har ranar da ka sauke shi da igiya da hannunka. Na ce al'ada ce mai kyau, musamman wajen cin nan.

Na yi wata biyu a gidanta. Tana kirana Ɗan-gemu, don ta lura kullum da safe nakan ɓata lokacin dahuwar wake ina shafa masa man shanu. Ku dube shi ma yanzu, ai ya cancanta.

Marinarta a jikin ganuwa take, ta ciki. A nan na ga abin da ya hallaka ni: wani rini ruwan ɗorawa da ban taɓa ganin irinsa ba, in aka shanya zanen da aka tsoma a ciki sai ka ce hantsi aka yanko aka rataya. Suna kiransa Mai-barci. Dokarsa biyu ce. Kada ya bushe a tukunya, kullum ruwa na kwance a kansa. Kada kuma ya taɓa ƙarfe ko tagulla. Marinan ba sa saka awarwaro, ba sa saka ɗan kunne, da muciyar itace suke motsa shi, a tulun ƙasa suke ajiye shi. Ranar da na fara shiga Gwaggo ta sa na tuɓe zobbana takwas a bakin ƙofa. Na tambaye ta dalili. Ta nuna mini wani tafki a bayan marina, zagayayye kamar an zana shi da ƙwarya.

"Ka ga wancan? Tafkin Tambaya ke nan. Wata kakarmu ce ta so sanin dalili."

Na ce a raina camfin tsofaffi ne, kowace sana'a da tatsuniyar da take korar baƙi da ita. Na roƙe ta ta rina mini riga. Ta ce ba mai sa wannan launi sai wanda ya yi shekara bakwai yana jan ruwa a marina. Na ce ni baƙo ne, ta ce shi ya sa take ba ni tuwo, ba ta ce in ja ruwa ba. Ku yi mini adalci, jama'a. Mutum kamata, da wannan kafaɗa, a hana shi riga?

Wata rana da tsakar zafi, lokacin da na ciki da na waje duk suka miƙe ƙafa a inuwa, na ɗaura tulu uku na Mai-barci a igiyarta na sauke ta bayan gari, na bi su na sauka. Na cika battar tabata ma da shi, ta tagulla, don guzuri. Na ɓuya a wani kwazazzabo kwana huɗu ina rina rigata. Riga ta yi kyau. Hannuwana suka rine har wuyan hannu, na ce zai fita da wanki. Battar kuwa na mance ta a kan dutse, a rana.

A kwana na biyar 'yan sintirin Dagwalo suka kama ni, suka kai ni gaban sarkinsu, Mazadu. Saurayi ne da bai daɗe da gadon sarauta ba, kuma yaƙin zage-zage ya ishe shi, don shi bai iya habaici ba, kullum dariya ake yi masa daga ganuwa. Ya ce ni ɗan leƙen asiri ne. Hukuncin ɗan leƙen asiri a ƙasar ba kisa ba ne. Akan aske masa rabin gemu, a ɗora shi a jaki yana fuskantar wutsiya, a zaga da shi ganuwa sau ɗaya, a sake shi.

Wanzami ya fara wasa aska a tafin hannunsa. Wani dogari yana zazzage jakata, ya ga battar, ya jefa wa ɗan'uwansa. Wancan bai cafe ba. Ta wuce, ta faɗa kwazazzabo, ta bugi dutse a gindin wata tsohuwar kuka.

Da na dawo hayyacina ina kwance, bakina cike da ƙasa. Kukar nan da mutum goma ba sa rungumewa ta tsage biyu. Babu gajimare ko ɗaya a sama. Nan take na tuna Tafkin Tambaya, na gane komai. Da ni mutumin kirki ne da na yi shiru an aske ni. Gashi ne, wata uku ya dawo. Amma na ga wanzami yana lalube askarsa a ƙasa, sai na miƙe na kakkaɓe rigata, na ɗaga hannuwan nan rinannu na ce ni ne Bagudu uban aradu, kuma wannan gargaɗi ne kawai.

Sarki Mazadu bai tsorata kamar sauran ba. Ya daɗe yana kallon kukar, sannan ya juya ya kalli ganuwar Kurmaza. Ya tambaye ni ko aradun nawa na iya buɗe waccan. Na ce ko goma ce. A zuciyata ina cewa ganuwar jakai huɗu ai ko gezau ba za ta yi ba, za a sha ƙara a watse, in sulale da gemuna. Sai wani tsohon magini a fadar ya yi tsaki, ya ce kakanninsa suka gina irinta, ba bokan da zai ɓantare ko ƙwarya ɗaya. Aka yi dariya. Ni kuwa ban iya jure dariya ba in ba ni na jawo ta ba. Na ce ashe bai san akwai wuriya, kafar fitar ruwa, a gabas ba, inda ruwan marina ya shekara ɗari uku yana cin gindin ginin? Na ji maganar tana fita daga bakina kamar wani ne ke yi. Baki shi ke yanka wuya, amma ranar ba nawa ya yanka ba.

Aka ba ni rumfa da bayi masu fifita, aka shanya tulu ɗaya. Da yamma Nomau ya zo ya tsuguna a bakin rumfar. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya dubi hannuwana ya ce ya san hannun da irin wannan launi ke fitowa, shekara goma sha biyu yana ganin sawun yatsunsa a gefen akushi. Na ce masa ya sanar da ita su kwashe daga marina. Ya aika saƙon a kwando, ta bakin wata mai jan igiya.

Washegari kwando ya sauko da akushi biyu. Nomau ya kawo mini ɗaya, har da man shanu a kai yadda nake so. Ya ce Gwaggo ta ce ba ta sauke ni ba tukuna, saboda haka tuwona na nan. Ta ce kuma marina ba ta tashi, don in suka tashi ba mai zuba wa Mai-barci ruwa, kuma rami arba'in ne. Saƙonta gare ni kalma kaɗan ne:

"A ce wa Ɗan-gemu ya zuba masa ruwa."

Na zuba, Allah shaida ne. Rabin tulun na jiƙa. Na ce rabin da ya rage zai isa a yi ƙarar da za ta fisshe ni kunya, ba zai isa ya yi ɓarna ba. Na ci tuwon kuma, tas.

Da hantsi aka cusa tulun a wuriyar, aka sako masa dutse daga kan wani dogon itace da aka kafa. Ba zan kwatanta muku ƙarar ba. Da ƙura ta lafa sai ga ganuwar Kurmaza da giɓi, faɗin da raƙuma shida za su shiga a jere.

Abin da maroƙa ba sa faɗa shi ne shirun da ya biyo baya. Na waje suka tsaya da masu a hannu suna kallon cikin gari, na ciki suka tsaya suna kallonsu. Ba wanda ya san abin da ake yi bayan ganuwa ta faɗi, don ba a taɓa yi ba. Ga kawun wani, ga ƙanin matar wani. Na rantse da an ƙara jinkiri kaɗan da wani ya yi habaici an yi dariya an watse.

Sai aka ji nishi daga ƙarƙashin ƙasar da ta rufta kan marina. Nomau ya yar da mashinsa ya ruga cikin giɓin, ya fara tono da hannu. Ya tono surukarsa, ya ɗago kanta, ranar ce ya fara ganin fuskarta. Wani mutumin Kurmaza da ke saman ganuwa ya ga mayaƙin Dagwalo a kan Gwaggo, ya sako mashi. A tsakiyar baya ya same shi.

Daga nan ba sai an koya wa kowa ba. Mutanen da suka shekara ɗari uku ba su iya kisa ba suka iya kafin azahar. Matan marina goma sha ɗaya ƙasa ta danne. Waɗanda mashi ya ci ban ƙidaya ba, ina bayan rumfa ina amai a kan sabuwar rigata.

Gwaggo Tasalla ta rayu, hannun hagu ya shanye, kunnuwa duka biyu sun daina ji. Sarki Mazadu ya sa aka kawo ta, ya yi ta yi mata tsawa ta koya wa mutanensa haɗin rinin. Ta yi ta kallon bakinsa yana motsi. Da ya gaji ya ce ba komai, rami arba'in da tulu biyu sun isa birane biyar da suka rage. Ya ce kuma abin kunya ne makamin sarki ya zauna a tulun ƙasa kamar ruwan shan talaka. Ya sa maƙera su kawo manyan tukwanen tagulla na fada, masu zanen zaki. Sannan ya juyo ya tambaye ni, a matsayina na uban aradu, ko da wani abin da zai hana.

Doka ɗaya ya sani, ta bushewa, ita na nuna masa. Ta biyun ba wanda ya sani, daga ni sai matan marina, su kuwa sun yi tsit. Gwaggo tana zaune a ƙasa. Ba ta ji tambayar ba, amma ta ga tukwanen. Ta dubi tukwanen, ta dubi zobbana takwas, ta dube ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai tagulla ce darajarsa. Sai dai aradu ba ya son ido. A kai shi jiƙe kan Dutsen Ungulu, a juye a tukwane, a bar shi ya sha rana kwana bakwai. Duk wanda ya matso kusa da tafiyar rabin yini, a kansa zai huce."

Ita ce ƙarya mafi kyau da na taɓa yi, kuma ba kunkuru ko ɗaya a wurin da zai yaba. Aka kwashe ramukan nan kaf, jakai suka yi kwana uku suna hawa. A rana ta shida da la'asar, ko tukunya ce ta tsage da zafi, ko ungulu ce ta ture dutse, Allah masani, Dutsen Ungulu ya tashi sama bai dawo daidai ba. Ba rai ko ɗaya a kai. Hayaƙin ya haɗe da hadari, kafin magariba ruwan shuka ya sauko. Mayaƙan Dagwalo suka dubi sama, suka dubi juna, suka naɗe tabarmi. Sarki ya hau doki ya bi su yana ihu, ba wanda ya waiwayo, don gero ba ya jiran sarki.

Kada ku yi mini tafi. Rinin ya ƙare, Gwaggo ba ta sake haɗa shi ba, ba ta koya wa kowa ba. Amma kowa ya riga ya ga ganuwa tana faɗuwa. Na ji labari daga baya cewa biranen nan sun daina zama a bayan katanga suna jiran zagi. Kowa na tsoron maƙwabcinsa ya riga shi gano wani Mai-barcin, sai ya riga kai hari. Ana yaƙi da rani, ana yi da damina, ana kama duk macen da aka ga launi a hannunta. Kwando bai ƙara sauka daga ganuwar kowa ba.

Na san Mazadu zai dawo nemana, amma ban iya wucewa ban je gidanta ba. Na same ta da safe a tsakar gida, ita da 'yarta mai takaba. Na durƙusa na yi jawabin neman gafara, mai tsawo, mai tsari, har ni kaina ya taɓa ni. Sai da na kai ƙarshe na tuna ba ta ji. Ta turo mini akushi. Na kasa ci, ta tsare ni da ido har na cinye.

Sannan ta tashi ta ɗauki igiya da kwando, ta yafito ni. Na bi ta muka ratsa gari, mutane na fitowa suna bin mu. Muka iso giɓin. Awaki na shiga suna fita ta ciki, taku goma ya fitar da ni. Na nufi can, ta riƙe mini riga. Ta hau matakalar ɓangaren da ya rage a tsaye, da ƙyar, tana hutawa. Na bi ta har sama. Ta nuna mini kwandon na shiga.

Da hannu ɗaya ta sauke ni, igiyar naɗe a ƙugunta, ta ƙi kowa ya taya ta. Ina lilo a jikin ganuwa, ga giɓin da na yi a gefena, duk Kurmaza na tsaye a cikinsa suna kallona. Ni da na yi rayuwata ina neman a kalle ni. Da kwandon ya taɓa ƙasa na fito na ɗaga kai. Ba ta jawo shi ba. Ta kwance igiyar daga ƙugunta ta sako ta, ta faɗo a gabana a tattare, ta juya ta tafi.

Shekara goma sha tara ke nan. Na wanke hannuwan nan da toka, da tsamiya, da yashin kogi tara, launin na nan kamar jiya, shi ya sa kuke ganinsu cikin riga ko da zafi. Igiyar tana cikin jakata, ban san wanda zan mayar wa ba. Iyakar abin da na gani ke nan a Ƙasar Birane Bakwai, wanda ya ji ya ƙara da nasa. Gemun kuwa ga shi, cikakke, ko gashi ɗaya aska ba ta taɓa ba. Na ga wasunku na kallonsa tun ɗazu. Don Allah kada wanda ya yaba.